Ranar da Kurmi Ya Yi Ƙaura

A can yamma da duwatsun Zanko, inda hanyar fatake ta rabu biyu, an yi wani ƙauye mai suna Gidan Korau, kuma a ƙauyen an yi wani manomi da ake kira Nomau. Mutum ne dogo, mai faɗin kafaɗa, wanda idan ya kama gatari sai ka ce da shi aka haife shi. Yana zaune da matarsa Ladingo da 'ya'yansu, da mahaifiyarsa Uwani, tsohuwa mai fara'a wadda kowa a garin yake ce wa Inna.

Gabas da ƙauyen akwai Kurmin Dargaza, kurmi mai duhu da sanyi, ƙorama ta ratsa tsakiyarsa. Kirya da marke da kanya da ɗinya sun haɗa kai a sama, har rana ba ta taɓa ƙasa sai a ɗigo-ɗigo. A nan mata ke tsintar kaɗe da ɗorawa, a nan maharba ke samun gada da fakara. Da iyalin Nomau suka yi yawa, gonar gado ta gaza ciyar da su, sai ya je wurin mai gari ya roƙi kurmin. Aka ba shi. Ya kira gayya, aka sassabe shi tas, aka cinna wuta, ta ci kwana da kwanaki. Ko itace ɗaya bai bari a tsaye ba, har waɗanda ke bakin ƙorama.

Shekarar farko ya cika rumbuna har ya gina sababbi, makaɗa suka riƙa yi masa kirari a kasuwa. Daga nan fa abu ya soma juyawa. Ƙorama ta riƙa ƙafewa tun kafin a gama girbi. Ruwan sama idan ya sauka sai ya kwashe ƙasar gonar ya yi gaba da ita, ya bar kwazazzabo kamar an tsaga fuska da wuƙa. Dawa ta riƙa fitowa siririya, ba ta kai ƙugun mutum ba. Tsuntsu kuwa, sai ka wuni a gonar ba ka ji kukan ko kurciya ba.

Wata rana cikin bazara, rana ta take tsaka, Nomau yana fama da wani tsohon kututturen kirya da wuta ta ƙwaƙule masa ciki, sai ga Inna ta kawo masa fura. Ta ajiye ƙwaryar, ta miƙe, sai ta tsaya cak ta karkata kai.

"Nomau, ka ji?"

"Me zan ji, Inna?"

"Kirana ake yi."

Ya saurara, babu komai, ko iska ba ta motsi. Ya duba ƙasa, sai ya ga abin mamaki. Sawaye ne ke bayyana a kan ƙura, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da mai taka su ba. Ga kofaton gada, ga yatsun fakara, ga jan cikin guza, ga ɗan sawun bushiya, duk sun jeru sun nufi kututturen nan. Inna ta gyara ɗaurin zanenta ta shiga layinsu kamar wadda ta ga 'yan'uwanta za su biki.

"Inna! Ina za ki?"

Ba ta waiwayo ba. Ta sunkuya ta shige kogon kututturen, kogon da ko ɗan akuya ba zai shiga ba. Nomau ya yi salati, ya saɓa gatarinsa, ya cusa kansa a bayanta.

Ya yi ta gangarawa cikin duhu mai warin toka, har ya faɗo a wani fili da bai taɓa ganin irinsa ba. Iyakar ganin ido kututturai ne, baƙaƙe, a jere kamar kaburbura. Rana tana tsaye a tsakiyar sama, fara fat, ba ta gaba ba ta baya. Babu Inna, babu alamarta.

Kututturen da ke kusa da shi ya motsa, ya miƙe, ya zama wani dogon tsoho. Rabin jikinsa itace ne, rabi gawayi, kuma duk sa'ad da ya buɗe baki sai hayaƙi ya fito.

"Lale da mai gatari," in ji tsohon. "Mun daɗe muna sauraron zuwanka."

Nomau ya ja da baya. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, wane ne kai, kuma wace ƙasa ce wannan?"

"Ni ne mai tsaron ƙofa. Wannan kuwa ƙasar waɗanda aka kora ce. Duk abin da ɗan Adam ya hana wa wurin zama a bayan ƙasa, nan yake ƙaurowa. Ka dubi kafaɗata. Ka gane wannan saran?"

Nomau ya duba, ya gane. Saran hannunsa ne, don shi kaɗai ke karkata bakin gatari haka.

"Mahaifiyata nake nema, ranka ya daɗe."

"Ta wuce tare da ayari. In kana son ka cim mata, ka ƙetare wannan fili. Amma ka sani, ya kai ɗan Adam, wanda ya sare inuwa shi zai ɗauki rana a ka."

Nomau ya kama hanya. Zafi ya sauko masa kamar an kifa masa tukunyar wuta. Can sai ya hango inuwa shimfiɗe a ƙasa, mai faɗi, da rassa da ganye suna kaɗawa, amma babu itacen da ya yi ta. Ya ruga da gudu. Yana isa, inuwar ta janye kamar an ja tabarma. Ya hango wata, ita ma ta zame. Haka suka yi ta yi masa, har harshensa ya kumbura, idanunsa suka soma ganin ja.

Yana cikin rarrafe sai ya ci karo da wata fakara da 'yan tsakinta, ayari ya tafi ya bar su. Sun kwanta a kan ƙasa mai zafi, bakuna a buɗe, uwar ta shimfiɗa fikafikai a kansu amma ba su isa ba. Nomau ya dube su. Shi kansa ya san ya kusa, sai ya ce a ransa, in mutuwar ce, gara ta yi wa wani amfani. Ya dafa hannuwa da gwiwoyi a ƙasa, ya yi musu rumfa da jikinsa, rana tana gasa masa baya.

Bai san iyakar daɗewar da ya yi a haka ba. Sai dai ya ji sanyi ya sauka a ƙeyarsa. Ya ɗaga kai, ya ga wata inuwa ta matso da kanta ta rufe su duka. Fakara ta miƙe, ta karkaɗe jiki, ta dube shi da ido ɗaya, ta yi gaba da 'ya'yanta. Ya bi su, inuwar tana tafe a kansu, har suka fita daga filin.

Tun daga nesa ya ji ruri kamar ana niƙa a kan duwatsu masu yawa. Da ya matso sai ya ga kogi, amma ba na ruwa ba. Jar ƙasa ce ke gudu, tana tumbatsa, tana haɗiye gaɓarta. Fakara da 'ya'yanta suka bi ta kai da sauri suka haye, don ba su da nauyi. Nomau ya sa ƙafa ɗaya, ƙasar ta ja shi har gwiwa, da ƙyar ya fizge.

Wata murya ta ce, "Kada ka sake gwadawa."

A bakin gaɓa wata mace ce zaune. Gashinta busasshiyar ciyawar jema ce, fatarta ta tsattsage kamar gindin tafki a rani, ƙananan kifaye busassu suna rataye a wuyanta. Tana rungume da tulu, tana leƙa cikinsa.

Nomau ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Ranki ya daɗe, wane irin kogi ne wannan?"

"Ba ka gane gonarka ba? Ƙasarka ce. Kowace damina ruwa yana kawo mana ita, tun da ka cire saiwoyin da ke riƙe da ita. Ni kuwa ni ce ƙoramar da ka sha tun kana yaro. Ga abin da ya rage mini." Ta karkata tulun, ya ga ɗan ruwa a gindinsa, bai fi a jiƙa leɓe ba.

Kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai. "Ta yaya zan haye?"

"Ƙasa ba ta tsayawa sai da saiwa. Me ka zo da shi wanda zai yi saiwa?"

Ya laluba jikinsa. Ba iri, ba reshe, ba komai sai gatari. Ya dubi ƙotar, wadda ya sassaƙa da hannunsa daga reshen marke, ta yi santsi saboda gumin shekaru. Ya buga ta a dutse, ruwan gatarin ya fice, ya faɗa kogin, ƙasa ta haɗiye shi. Ya kafa ƙotar a gaɓa.

Matar ta dubi ƙotar. Sannan ta ɗaga tulun ta juye ɗan ruwan nan a gindin ƙotar. Nan take ƙotar ta yi ƙara, ta tsage, ta fitar da saiwoyi masu kauri, suka kutsa cikin kogin suna kama ƙasa, har suka kai ɗaya gaɓar. Inda suka bi, gudun ƙasar ya tsaya.

"Haye da sauri," in ji ta, muryarta ta dushe. "In ka isa gaban Magajiya, shugabar kurmi, ka faɗa mata na ba da na ƙarshe."

Ya haye. Ya waiwayo don ya yi godiya, bai ga kowa ba sai tulu a kife.

Gabansa kuwa ga Kurmin Dargaza, kamar yadda yake kafin gatari ya taɓa shi. Ya gane kanyar da yake hawa yana yaro, ya gane ɗinyar bakin ruwa. Sai dai kowane itace yana da tabo a gindi, kuma babu ganyen da ke motsi. Gada da zomo da beguwa da tunku da dila sun jeru gefen hanya, ba mai gudun wani, duk sun zuba masa ido. Tsuntsaye sun cika rassa, ba wanda ya yi kuka. Shirun ya fi rurin kogin nan ban tsoro.

A tsakiyar kurmin ga babbar kirya, a gindinta ga Inna zaune, ta jingina bayanta. Nomau ya ruga ya durƙusa a gabanta, ya kama hannunta zai ɗaga ta, sai ya ga yatsun ƙafafunta sun shige ƙasa, ɓawon itace ya hau mata har idon sawu.

"Inna!"

Ta buɗe ido a hankali. "Nomau, kai ne? Me ya kawo ka? Ka sha furar kuwa?"

Kafin ya amsa, wani gunji ya taso daga kogon kiryar. Ƙudan zuma suka fito, tuli a kan tuli, suka taru a sarari, suka zama siffar fuskar mace, babba kamar ƙofar zaure. Leɓunanta suna motsi, ƙudan suna zuba suna komawa.

"Ni ce Magajiyar Kurmi," in ji fuskar, muryar tana shiga har ƙashi. "Sake ta, ya kai ɗan Adam. Tamu ce."

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranki ya daɗe, ita ta haife ni. Yaya za ta zama taku?"

"Uwarta ta shigo tsintar itace da tsohon ciki, naƙuda ta kama ta a gindin wannan kirya. A kan ganyenmu uwarka ta faɗo, a ƙarƙashin saiwarmu aka binne mabiyiyarta. Duk abin da aka haifa a kurmi ɗan kurmi ne. Mun yi haƙuri muna jira ko za ka bar mana wurin komawa. Ba ka bari ba. Yau muka kwashe na ƙarshen 'ya'yanmu."

Nomau ya ɗaga kai. Ya ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni izini in yi magana. Ban sare ku don ƙeta ba. 'Ya'yana ne suke kwana da yunwa. Ciki ba a ba shi haƙuri. In ban yi noma ba, me za su ci?"

Fuskar ta yi duhu, ta sake washewa. "Wa ya hana ka noma? Kakanninka sun yi noma a gefenmu, muka zauna lafiya. Sukan bar gawo a tsakiyar gona, sukan bar bakin ruwa da itatuwansa, gona in ta gaji sukan bar ta ta huta. Mu muke riƙe musu ƙasa, mu muke ɓoye musu ruwa, 'ya'yana suke zaga furen amfaninsu. Kai kuwa ko reshen da kurciya za ta sauka ba ka bari ba. Yanzu 'ya'yan naka sun ƙoshi?"

Ya san ba su ƙoshi ba. Sai ya ce, "Matar bakin kogi ta ce in gaya miki ta ba da na ƙarshe."

Gunjin ya tsaya ɗif. Dabbobin nan duka suka sunkuyar da kai.

"Ta ba ka?" in ji Magajiya. "To, ta ga abin da ban gani ba." Fuskar ta matso kusa da shi. "Saurara. Kututturan da ka bari ba su mutu duka ba, akwai rai a ƙarƙashi. Muna iya komawa, uwarka ma ta koma. Amma ba za mu sake zama a hannun wanda ba ya jin zafinmu ba. Sai ɗayanku ya zama fatarmu. Abin da ya taɓa kurmi ya taɓa shi. In an sare mu ya ji sara, in an ƙone mu ya ji wuta, in mun ji ƙishi ya ji, har ranar da za a sa shi a ƙasa. Ka ɗauka?"

Inna ta riƙe masa riga. "Kul, Nomau! Kada ka yarda. Ni na ci zamanina, nan ma ba a cuce ni ba. Ka koma wurin Ladingo da yara."

Ya dubi ɓawon, ya ga ya kai mata ƙwauri.

"Inna, ki gafarce ni, yau ɗaya ba zan bi maganarki ba." Ya juya ga fuskar. "Na ɗauka."

Ƙwayar kirya ɗaya ta faɗo a tafin hannunsa. Ya jefa a baki ya haɗiye. Ta sauka kamar garwashi, ta tsaya a ƙirjinsa, ya ji wasu siraran abubuwa suna bin jijiyoyinsa har yatsu. Ya kurma ihu, tsuntsayen kurmin duka suka amsa a lokaci guda, ya faɗi bai san inda yake ba.

Ɗigon ruwa ne ya farkar da shi. Yana kwance a gonarsa kusa da kututturen, hadari ya haɗu, Inna tana zaune tana murza ƙafafunta. Ya goya ta suka nufi gida. Ladingo tana ganinsu ta saki tukunyar da ke hannunta, don sun yi kwanaki da ɓacewa, an neme su har an gaji, an ɗauka sun mutu, an yi musu sadaka.

A daminar nan kututturan bakin ƙorama suka yi toho. Nomau ya bar musu wannan ɓangaren gaba ɗaya, ya koma noman tudu, can ma duk tohon da ya fito sai ya rage masa rassa ya bar shi ya tashi a cikin dawa. Ya ba mutane labarin abin da ya gani, wasu suka yi dariya suka ce rana ce ta taɓa shi.

Cikin masu dariyar akwai maƙwabcinsa Cindo. Da itatuwan suka ɗan tasa, Cindo ya shiga neman itacen rufin ɗaki, ya sami wani matashin marke ya kai masa sara. A daidai lokacin Nomau yana zaune a ƙofar mai gari cikin jama'a. Sai ya ƙwalla ƙara ya kife. Aka ɗaga rigarsa, aka ga haƙarƙarinsa ya tsage, jini yana zuba, alhali ba wanda ya taɓa shi. Da ƙyar ya ce, "Marken bakin ruwa. Ku tsayar da shi." Mutane suka ruga, suka tarar da Cindo ya ɗaga gatari zai ƙara na biyu. Da aka kawo shi ya ga raunin, sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Tun daga ranar ba a sake shiga wurin da ƙarfe ko wuta ba, sai tsintar busasshe da 'ya'yan itace.

Nomau bai sake samun lafiya irin ta da ba. Kowace bazara leɓunansa sukan tsage, ya sha ruwa ya sha ƙishin bai tafi ba, sai ranar da ruwan farko ya sauka a kurmin. In iska ta karya reshe, ya kwana biyu yana ɗingishi. Inna ta yi sauran shekarunta a ɗakinta, cikin jikokinta, a nan kuma Allah ya karɓi abinsa. Ƙorama ta dawo da kaɗan-kaɗan, kwazazzabai suka cike da ciyawa, dawar tudu ta sake fin mutum tsayi.

Wata safiya cikin marka, bayan furfura ta rufe masa kai, yana zaune a tsakar gida Ladingo tana tankaɗe, sai ta ga ya dafe ciki ya yi tsit, gumi ya karyo masa.

"Maigida, lafiya? Wani ne ya shiga da gatari?"

Ya girgiza kai. Can ya saki numfashi, ta ga yana murmushi, hawaye na bin kumatunsa.

"Gada ce," ya ce. "Ta haihu yanzun nan, a gindin ɗinya. Ki gaya wa yara kada su bi ta bakin ruwa yau, ɗan bai iya tsayuwa ba tukuna."